Kwalkuleta Marar Alamar Daidai

Yau shirin na wata 'yar na'ura ce da ke shiga aljihun riga, HP-12C, wadda kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fitar a 1981, kuma har yau ana sayar da ita.

Wanda ya fara riƙe ta yakan yi ta laluben alamar daidai, bai samu ba. Don babu. Lamba ake fara bugawa, a danna ENTER, a buga ta biyu, sannan a ce mata ta tara ko ta raba.

Inda take nuna bajintarta shi ne takardun lamunin gwamnati na gajeren zango, irin waɗanda Babban Bankin Najeriya ke gwanjonsu na kwana 91, 182 da 364. Ba a biyan kuɗin ruwa a kansu wata-wata. Rangwame ake yi tun ranar saye. A ce takarda ce ta naira miliyan ɗaya, rangwamen kashi 18 cikin ɗari, wa'adin kwana 364. Maɓallin ΔDYS ya ƙirga kwanakin, a ninka, a raba da 365. Rangwamen ya kama kusan naira 179,500, mai saye ya biya 820,500, ranar wa'adi ya karɓi miliyan cif.

To, ga inda da yawa ke tuntuɓe. An lissafa kashi 18 ne a kan miliyan, alhali 820,500 mutum ya fitar daga aljihunsa. Ribarsa ta gaskiya ta doshi kashi 22. A Amurka kuwa da kwana 360 ake rabawa, wanda ya kwafo tsarinsu bai gyara ba, lissafinsa ya karkace.

Wani lissafin da ake yi da na'urar kuma shi ne matsakaici mai tafiya. Ɗan kasuwa a Dawanau ya ga buhun masara, misali, a dubu 40, dubu 46, dubu 43 cikin wata uku, matsakaici dubu 43. Wata na huɗu ya zo da dubu 52, sai a jefar da mafi tsufa a saka sabo, ya koma dubu 47. Hayaniyar farashi ta lafa, amma a lura, lissafin yana bin kasuwa ne a baya: buhu na dubu 52, shi yana cewa 47.

Bayan ɗan hutu, za mu buga lambobin tare, maɓalli bayan maɓalli.