Awa Nawa Kindirmo Ke Buƙata Kafin Ya Kama?

Duk wanda ya ratsa Wudil ranar Juma'a, lokacin da kasuwar Kara ke ci, zai ga matan Fulani sun jera ƙore rufe da faya-fayai suna dama wa mutane fura. Mai saye yakan ɗanɗana ya ce nonon wannan ya yi garɗi, na waccan kuwa ya cika tsami, sai ka ce sa'a ce ta raba su. A ganina abin da ya raba su lissafin zafi ne da lokaci, kuma kuskuren da ya fi ɓata kindirmo shi ne ɗaukar "kwana ɗaya" a matsayin ma'auni guda tun daga hunturu har bazara.

Yadda ake yinsa sananne ne. A tafasa madara, a bar ta ta huce har yatsa ya iya jurewa, a zuba ɗan kindirmon jiya, a rufe. Wannan ɗan tsohon nono cike yake da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke cinye sukarin madara su mayar da shi tsami, tsamin kuma shi ke daskarar da ita. Tun a 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa masu rai ne ke wannan aiki, mai rai kuwa yanayi na juya shi. A watan Afrilu, da zafin ƙasar Kano ke kai digiri 40 da rana, madarar da aka rufe bayan isha takan kama kafin asuba, in aka ƙara mata jira sai ruwa ya tsatso sama, tsami ya yi yawa. A daren hunturu kuwa, da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, ƙwayoyin kan yi sanyin jiki, gari ya waye madara na nan tsululu. Shi ya sa gwanaye ke lulluɓe ƙwarya da zane su shigar da ita ɗaki in iska ta taso. Akwai kuma lokacin da ba a cika lissafawa ba, wato tafiyar da ke tsakanin ruga da kasuwa. Ƙwaryar da ke bisa kai cikin rana ba ta daina aiki ba, don haka nonon da ya yi daidai da hantsi yana iya wuce gona da iri kafin la'asar.

Wani zai ce ai kamfanonin yogot suna gamawa cikin awa 4 zuwa 6, me zai hana a koyi saurinsu? Gaskiya ne, amma suna riƙe madarar a kan digiri 42 zuwa 45 ba ta motsi, da ta kama kuma su jefa ta cikin sanyi su tsayar da tsamin. Ƙwarya ba ta da wannan iko. Mai gaggawar da ta tsinka nono da ruwa ta yi masa kauri da garin kuka ta samu kamanni kawai, harshen mai sha kuwa ba ya ruɗuwa.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa tunda tsami na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, tafasawa ɓata itace ne, a dai bar nonon ya daɗe. Tsami yana rage wasu, amma ba abin dogaro ba ne a kan tarin fuka na shanu ko cutar bakkale mai sa saniya ɓari, waɗanda ke shiga jikin mutum ta ɗanyar madara. Wuta ce ke kashe su, kuma dole ta riga ɗan kindirmon jiya shiga tukunya.