Ina Ake Koyon Aikin Jarida?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mutane da yawa suna zaton duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya zama ɗan jarida. Ni ban yarda da haka ba. Aikin jarida sana'a ce, kuma sana'a sai da koyo. Bari in yi bayanin yadda aka gina makarantunta.

A Amurka, a zamanin wariyar launin fata, jami'o'in Turawa da yawa ba sa karɓar baƙar fata. A 1939 wata 'yar jarida, Lucile Bluford, ta nemi shiga makarantar aikin jarida ta Jami'ar Missouri, aka hana ta don launin fatarta. Ta kai ƙara kotu. Dalilin wannan shari'a ne aka buɗe sashen aikin jarida a Jami'ar Lincoln, ta baƙar fata, a jihar a 1942. Jami'ar Howard da ke Washington ita ma ta kafa makarantar sadarwa a 1971. Sun gane cewa idan ba ka ba da labarinka da kanka ba, wani zai ba da shi yadda ya ga dama.

Dokta Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a Howard. Da ya dawo gida ya kafa jaridar West African Pilot a 1937. Daga baya Jami'ar Nsukka, wadda shi ne jigon kafa ta, ta buɗe kwalejin aikin jarida a 1961.

Mu kuwa a Arewa, a bakin aiki muka fara koyo. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta. A nan Kaduna an buɗe gidan rediyo da talabijin a 1962, jaridar New Nigerian kuma ta fara fitowa ran 1 ga Janairu, 1966. Sannu a hankali aka sami sassan koyar da aikin a Jami'ar Bayero ta Kano, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004.

A ganina, irin wannan makaranta tana bukatar abu uku: malamai waɗanda suka taɓa yin aikin da hannunsu, da ɗakin gwaji mai kayan aiki, da tarbiyyar binciken labari kafin a watsa shi. Na ukun shi ne babba. A watan Nuwamba 2002 rubutu guda a wata jarida ya tayar da rikici a garin nan, mutane fiye da 200 suka rasu. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka ina roƙon iyaye, in yaro ya nuna sha'awar wannan aiki, kada a hana shi. A tura shi ya koya a wurin masana, ya iya shi da Hausa da Turanci. Allah ya sa mu dace, amin.