Ɗaki Mai Taya Biyu: Yadda Amurkawa Ke Harhaɗa 'Yar Tirelar Katako A Gida

A ƙasar Amurka akwai wata 'yar tirela da magidanta ke ƙerawa da hannunsu a bayan gida, su ɗaura wa mota su tafi shan iska a daji ko bakin tafki, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Suna kiranta "ɗigon hawaye", saboda gabanta a kumbure yake, bayanta kuwa ya tafi a tsuke.

Asalinta tun shekarun 1930 ne, zamanin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, kuɗin otal ya gagari talaka. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 sai abin ya bunƙasa, domin an sami rarar alminiyon na jiragen sama da tayoyin motocin soja da araha. A watan Satumba na 1947 mujallar Mechanix Illustrated ta buga zanen yadda ake haɗa ta, mutane da yawa suka kwaikwaya. Daga baya manyan tireloli suka danne ta, sai a ƙarshen shekarun 1990 ta farfaɗo, da intanet ta sauƙaƙa samun zanen.

Girmanta daidai ruwa ne daidai tsaki. Fallen filawud ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, saboda haka aka yanka ɗakin a kan wannan awo don kada katako ya tafi a banza. Da farko mai walda zai haɗa gindin ƙarfe mai taya biyu, a ɗaure daɓen katako a kai. Sa'an nan a yanka bango biyu iri ɗaya, a gitta sanduna a tsakaninsu, a lanƙwasa siririn filawud a bisa ya zama rufi. Ciki katifar mutum biyu ce kawai, ba a iya miƙewa tsaye. A baya akwai murfi da ake ɗagawa kamar but ɗin mota, nan ne madafa. Yawancinsu ba su kai kilo 450 ba, ƙaramar mota ma tana jan su.

Amma fa kyan fenti ba shi ne aikin ba. Abu uku ke raba gwani da ɗan koyo. Na farko nauyi: wajibi ne kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ya sauka a kan maɗaurin mota, don haka ake sa tayoyi a bayan tsakiya kaɗan. In kaya suka rinjaya baya, tirela za ta riƙa wutsil-wutsil a guje har ta kifar da motar. Na biyu ruwa: bakin filawud na shan ruwa kamar soso, in ba a toshe kowace kafa da gam da fenti ba, damina kaɗan za ta ruɓar da shi. Na uku iska: ɗakin ƙarami ne ƙwarai, tilas a bar taga da mafitar iska a rufi. Kunna risho ko gawayi a ciki kuwa ganganci ne, gama iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Duk kafintan da ya kiyaye waɗannan uku, sauran aikin zarto ne da haƙuri.