Ciwon Ƙoda Tsakanin Dattawan Umdurman

Ciwon ƙoda mai daɗewa ba ya saurin nuna alama, shi ya sa dattijo mai sayar da kayan yaji a Kasuwar Umdurman kan yi shekaru da hawan jini ko ciwon suga, bai farga ba sai ƙafa ta kumbura. Likitoci sun raba cutar mataki 5 bisa yawan mililitar jinin da ƙoda ke tacewa a minti guda: ƙasa da 60 tsawon wata 3 cuta ce, ƙasa da 15 kuwa gazawa ce mai kaiwa ga wankin ƙoda, furotin a fitsari kuma yana ƙara haɗarin. Tsufa kansa yakan rage tacewar, don haka awo ɗaya bai isa hujja ba. Ga waɗanda suka kai matakin gazawa kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya durƙusar da cibiyoyin wankin ƙoda da dama a Khartum.