Ko Kun Sani?

A Amurka, kula da numfashin majinyaci sana'a ce mai zaman kanta, wadda aka kafa wa ƙungiya a Chicago tun 1947. Mai wannan aiki shi ke saita na'urar taimakon numfashi, ya auna iskar oksijin a jini, ya zuƙe majinar da ta toshe ƙirji, kuma sai ya ci jarrabawar ƙasa kafin ya sami lasisi. A Najeriya kuwa, har da asibitin tarayya na Azare, aikin a rabe yake tsakanin likitoci, nas-nas da masu gashin ƙashi. Ɗan Katagum mai sha'awarsa, gashin ƙashi ne hanyarsa mafi kusa: digiri, shekarar horo a asibiti, rajista, sannan ƙwarewa kan huhu da zuciya.