Kifin Takobi: Abin da Wuta Ke Yi Masa da Abin da Ba Ta Iyawa

A yawancin gidajenmu, in aka ce a soya kifi, to sai ya yi ƙayau kafin a tsame shi. Haka muka taso muka tarar, kuma iyayenmu suna da hujja: tarwaɗa da karfasa da kifin ƙanƙara duk suna jure zafin mai, ga kuma yaƙinin da muke da shi cewa duk wata cuta da ke cikin abinci wuta na kashe ta. To akwai wani kifin teku da wannan koyarwa ba ta ci a kansa. In ya daɗe a wuta sai ya bushe ya zama kamar katako, illar da ke cikin namansa kuwa ko kwana ya yi a kasko tana nan daram.

Larabawa na kiransa abu saif, Faransawa su ce espadon, mutanen Italiya su ce pesce spada, a kantunan Ingila da Amurka kuma swordfish za a gani rubuce a jikin leda. Duka sunayen takobi suke nufi, don haka mu ma sai mu ce kifin takobi. Muƙamuƙinsa na sama ne ya miƙe ya zama dogon ƙashi mai faɗi, wanda yake sarar ƙananan kifaye da shi kafin ya haɗiye su. Yana kai mita 3 a tsayi, kuma wanda aka kama da ƙugiya a gaɓar Cile a 1953 nauyinsa kilo 536 ne, wato ya fi bijimai da yawa da ake kai wa kara. Ana samunsa a tekun Atlantika da Fasifik da na Indiya da Bahar Rum. Masuntan Gana da Kodebuwa suna kamo shi a ragarsu, shi ya sa Bahaushen da ke zaune a Akara ko Tema ko Abijan zai iya cin karo da shi a bakin ruwa, 'yan'uwanmu na Turai da Amurka kuma su gan shi a firizar manyan kantuna.

Idan ya girma ba shi da ɓawo a jiki, ba shi da haƙora. A mazhabar Malikiyya wannan ba matsala ba ce, tun da halittun ruwa halal ne, kuma ai tarwaɗar da muke ci ita ma ba ta da ɓawo. Mabiya mazhabar Ja'afariyya su ne ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo.

Ba a sayar da shi sukutum, sai dai a yanka shi fala-fala kamar tsokar sa. Ba ƙananan ƙayoyi, ƙarni kaɗan ne, naman a dunƙule yake. Wanda ya san giwan ruwa ya ɗan kusanci fahimtarsa, sai dai wannan ya fi tauri. Uwargida, in kin je saye, nemi yankan da kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi, kamar kaurin babban yatsa. Siririn yanka kafin bayansa ya yi ja cikinsa ya riga ya bushe. Launin naman fari ne mai ɗan sirkin ruwan hoda. Za ki ga wani jan tabo a jikinsa, wannan tsokar jini ce, kuma ita ce ke tona asirin mai sayarwa: in ja ce jawur, kifin sabo ne, in ta koma ruwan ƙasa ko ta yi baƙi, ya kwana biyu. Sansana shi kuma. Duk wanda ke wari mai hawa kai, ki bar masa kayansa komai arahar da ya yi miki.

Daskararre kuwa a sauko da shi daga firiza zuwa firji tun da dare ya narke a hankali. In ana sauri, a bar shi cikin ledarsa a ɗaure, a tsoma a ruwan sanyi. Kada a shanya shi a rana ko a zuba masa ruwan zafi. Dalili shi ne manyan kifayen teku, in suka ɗumama suka daɗe a haka, ƙwayoyin cuta na haifar da wani sinadari a namansu mai suna histamin. Wanda ya ci, cikin mintuna fuskarsa za ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, wani ma har da gudawa. Dafuwa ba ta rushe wannan sinadari. A garin da wutar lantarki ke yini a ɗauke, kifin da ya narke ya ɗumama aka sake daskarar da shi abin gudu ne.

Kafin a ɗora, a tsane shi da ƙyalle mai tsabta har ya bushe, domin jiƙaƙƙen kifi ba ya yin ja, sai dai ya sulala a ruwan jikinsa. A yanke fatar gefe, tauri gare ta kamar ƙirgi. Mai ƙin ƙarni ya cire jan tabon nan ma. Sai gishiri da masoro da ɗan mai. Mai son jiƙa shi da lemun tsami da tafarnuwa kada ya wuce minti 20, don tsami na dafa naman kifi tun kafin ya ga wuta, in ya daɗe sai saman ya yi gari-gari.

A sa kasko mai kauri ya yi zafi sosai, a zuba mai cokali biyu kacal. Ba suyar ƙosai za a yi ba. A shimfiɗa yankan, sannan a ƙyale shi. Nan ne yawancinmu ke faɗuwa, hannu ba ya haƙuri, sai an taɓa, sai an juya, sai an danna da cokali. Minti 4 zuwa 5 ba tare da an motsa shi ba, zai yi ja ya saki kaskon da kansa. A juya sau ɗaya, a ba shi minti 3 zuwa 4, a sauke. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce kifi ya nuna idan zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyos, kuma wannan zafin ya isa ya kashe tsutsotsin da akan samu a jikinsa. Wadda ba ta da ma'auni ta ɗan tsaga tsakiya da bakin wuƙa: in naman ya daina sheƙi ya koma fari amma da sauran danshi, ya yi. A bar shi ya huta minti 3 a faranti, zafin jikinsa zai ƙarasa aikin. Ƙarin minti biyu "don a tabbatar" shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

A kan garwashi ma haka ne, kuma a ganina nan ya fi daɗi, tun da ba ya ruguzowa ya zube ta ramukan waya kamar sauran kifaye. A shafa wa wayar mai, a jira harshen wuta ya mutu. Mutanen tsibirin Sisili, waɗanda har yau wasunsu ke farautarsa da mashi a mashigin Mesina daga jiragen ruwa masu doguwar hasumiya, ba sa cika masa kayan ƙamshi. Suna kaɗa man zaitun da ruwan lemun tsami da tafarnuwa da ganyen oregano, su kwarara a kai da zarar ya sauka daga wuta. Turkawa kuwa yanka shi suke yi gutsi-gutsi su jera a tsinke da ganyen bay a tsakani. Tsire ke nan, ba wani abu ba, kuma maigidan da ya iya gashi zai iya barbaɗa masa yajin ƙuli, in dai ya tuna cewa ƙuli na saurin ƙonewa. In miya ake so, a gama soya tumatir da tattasai da albasa tukuna, a saka kifin a minti 10 na ƙarshe.

Sai babbar maganar, wadda saboda ita aka yi wannan rubutu.

Kifin takobi na cikin kifayen da suka fi tara zaiba, wadda likitoci ke kira mekuri. Daga hayaƙin kwal da ake ƙonawa da kuma wuraren haƙar zinare na gargajiya, inda ake kama zinare da ita, zaiba na tashi sama, ruwan sama ya sauko da ita cikin teku. Can ƙwayoyin halitta ke juya ta zuwa wani nau'i mai maƙalewa a tsoka. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, babba ya cinye ƙananan dubbai, shi kuma wannan ƙato da ke shekaru yana cin kowa sai ya gaji abin da duk suka tara. Awon da hukumar Amurkan nan ta yi ya nuna kusan miligiram 1 a kowane kilo na namansa. Sadin da karfasa a awon guda 0.013 ne, wato nasa ya ninka nasu fiye da sau 70. Duniya ta san aikin wannan guba tun 1956, lokacin da aka gano cutar garin Minamata a Japan, inda wata masana'anta ke zuba dagwalonta a teku, mutane suka ci kifin, aka haifi yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa.

Ba wai yanka ɗaya zai kwantar da ƙato ba. Abin tsoron shi ne ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa, domin zaiba na ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, kuma takan yi watanni kafin ta gama fita daga jiki. Shi ya sa hukumomin Amurka suka sa shi cikin jerin kifayen da mai juna biyu da mai shirin ɗaukar ciki da mai shayarwa da ƙananan yara za su ƙaurace wa ɗungurungum. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce yaran da ba su kai shekara 16 ba kada su ci, sauran manya kuma kada su wuce yanka ɗaya a mako. Wanki da lemun tsami, cire fata, suya, banda, babu wanda ke rage zaibar ko kaɗan, don a cikin tsokar take ba a samanta ba.

Kada kuma wannan ya sa mai ciki ta daina cin kifi baki ɗaya, jikinta da na jaririnta na buƙatarsa. Sadin da titus da karfasa da tarwaɗa duk zaibarsu kaɗan ce. Uwargida, ranar da aka shigo miki da kifin takobi, ki fara duba waɗanda za su zauna a kan tabarma. In akwai amarya, ko mai goyo, ko yara, ki soya musu karfasarsu daban.