Spirit Tracks: Wasan Zelda na Jirgin Ƙasa

Spirit Tracks wasan bidiyo ne da kamfanin Nintendo na birnin Kyoto, a ƙasar Japan, ya fitar a watan Disambar 2009 domin na'urar hannu ta Nintendo DS. Ci gaba ne na wasan Phantom Hourglass na shekarar 2007, kuma dukansu 'yan gidan The Legend of Zelda ne, wanda aka soma tun 1986. Eiji Aonuma ne ya jagoranci aikin, Daiki Iwamoto ya ba da umarni.

Ita DS allo biyu gare ta, na sama da na ƙasa, kuma da ɗan tsinken roba ake taɓa na ƙasan. Kusan komai na wasan da tsinken nan ake yin sa, daga tafiya har saran takobi.

Labarin ya faru kimanin shekara 100 bayan na Phantom Hourglass. Link yaro ne mai koyon tuƙin jirgin ƙasa, a wata masarauta da layin dogonta shi ne sarƙar da ta ɗaure Malladus, sarkin aljanu. Sai layukan suka fara ɓacewa. Ashe waziri Cole ne ke cin dunduniyar masarautar. Ya sace gangar jikin Gimbiya Zelda don Malladus ya shiga ciki, ya bar ruhinta yana gararamba.

A nan wasan ya bambanta da magabatansa. A da, Zelda takan zauna a kulle ne tana jiran ceto. A wannan karon tare ake tafiya da ita. A cikin hasumiyar da ke tsakiyar ƙasar, ruhinta yakan shiga sulken wani ƙaton mai gadi, mai wasa ya zana mata hanya da tsinke ta bi. Tana ratsa wuta, tana ɗaukar Link a kan garkuwarta ta tsallakar da shi narkakken dutse. Abin dariya, duk girman sulken nan, da ta hango ɓera sai ta ƙame don tsoro, ba ta motsawa sai Link ya kashe shi.

Masu shirya wasan sun kuma gyara abin da aka fi kuka da shi a Phantom Hourglass. Can, akwai wani haikali da ake komawa sau da yawa, a sake bin benayen da aka riga aka wuce, lokaci kuma yana ƙurewa. A hasumiyar Spirit Tracks babu ƙidayar lokaci, kuma matakala ce ke kai mutum inda ya tsaya.

Akwai kuma sarewa, wadda ake busawa da baki ta makirufon na'urar yayin da tsinke ke zaɓar murya. Dabara ce mai ban sha'awa, sai dai a wuri mai hayaniya takan wahalar da mai wasa.

Jirgin ƙasan kansa shi ne raunin wasan. Ana zana masa hanya a taswira, ana harba igwa, ana ɗaukar fasinjoji da kaya, amma ba ya fita daga kan layi, kuma doguwar tafiya takan gundura. Jirgin ruwan Phantom Hourglass ya fi ba da 'yancin yawo. Ta fuskar labari da tsarin hasumiya kuwa, Spirit Tracks ya yi wa yayansa fintinkau.